John Scott Russell (1808-1882): Maƙerin Jiragen Ruwa da Igiyar da Ta Ƙi Watsewa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a kawo wa mai karatu tarihin wani Bature injiniya, mutumin ƙasar Sikotilan, mai suna John Scott Russell. A zamaninsa an san shi ne da ƙera jiragen ruwa, musamman wani ƙasurgumin jirgi da ya jawo masa suna, ya kuma jawo masa karayar arziki. Amma a yau in aka ambaci sunansa a zauren masana lissafi da kimiyyar fiziks, ba jirgin ne ke fara zuwa zukatansu ba. Abin da suke tunawa shi ne wani ɗan tudun ruwa da ya gani wata rana, ya bi shi a kan doki, ya kuma shafe sauran kwanakinsa yana nanata wa mutane muhimmancinsa, alhali manyan malaman ƙasarsa na ganin ya cika baki. Daga wannan tudun ruwa ne wani babban reshe na ilmi ya tsiro, wanda a nan za mu kira shi ilmin silsilar ƙa'idoji masu warwaruwa. Bayanin wannan suna zai zo a gaba, in mun kai wurin.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi John Russell ran 9 ga watan Mayu, 1808, a Parkhead, wani ƙauye a gefen Gilasgo wanda tuni birnin ya haɗiye shi. Mahaifinsa, David Russell, malamin addinin Kirista ne. Scott kuwa sunan gidan su mahaifiyarsa ne, shi ya ɗauka ya sanya a tsakiyar nasa. An so ya gaji mahaifinsa a aikin coci, amma tun yana yaro hankalinsa na wajen injuna da maƙera. Ya yi karatu a Jami'ar St Andrews, sa'an nan ya koma Jami'ar Gilasgo, inda ya sami digirinsa a 1825 bai wuce shekara 17 ba.

Daga nan ya tasam ma birnin Edinbara, ya shiga koyar da lissafi da kimiyya, har ya yi suna da iya bayani. A 1832 Shehun malami Sir John Leslie, mai riƙe da kujerar kimiyyar fiziks a Jami'ar Edinbara, ya mutu, sai aka ɗora Russell ya riƙe darussansa kafin a zaɓi magaji. Yana da shekara 24 a lokacin. Da aka zo naɗi na dindindin, James David Forbes aka ba. Ta haka Russell ya bar hanyar jami'a ya kama ta masana'antu, kuma a ganina wannan ya shafi yadda aka riƙa auna maganarsa daga baya. Magana ɗaya ce, amma in ta fito daga bakin mai kujera a jami'a, nauyinta dabam yake da in ta fito daga bakin maƙeri.

Gwajinsa na farko a kasuwanci bai yi kyan ƙarshe ba. A 1834 ya ƙera motoci masu aiki da tururi, suka riƙa jigilar fasinjoji tsakanin Gilasgo da Paisley. Masu kula da hanyar ba su so abin ba, suna cewa motocin na lalata musu hanya, har aka riƙa jibga duwatsu a kanta. A watan Yuli na shekarar ɗaya daga cikin motocin ta yi haɗari, tukunyar tururinta ta fashe, wasu fasinjoji suka mutu. Nan sana'ar ta tsaya.

Ranar da ya bi ruwa a kan doki

Wata guda bayan wannan haɗari ne abin da ya ɗaukaka sunansa ya faru. A wancan zamani, kafin jirgin ƙasa ya yaɗu, yawancin kaya masu nauyi a Biritaniya ta kanal ake ɗaukarsu, wato kogin da mutane suka haƙa da hannu, siriri, mai zurfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Dawaki ne ke tafiya a gaɓa suna janye da jirage. Akwai irin wannan kanal mai suna Union, wanda aka buɗe a 1822, ya tashi daga Edinbara zuwa Falkirk. Masu shi suna tsoron gasar jirgin ƙasa, don haka suka nemi Russell ya bincika musu yadda za a ƙara saurin jiragensu. Dama an riga an lura da wani abin mamaki a wani kanal na yankin: in doki ya zabura ya wuce wani mizani na gudu, sai jirgin ya hau kan igiyar ruwan da shi kansa ya tayar, jan sa ya yi sauƙi maimakon ya ƙara wuya. Wannan ne ya sa Russell ya zuba wa igiyoyin ruwa ido.

A cikin watan Agusta na 1834, kusa da ƙauyen Hermiston, yana kallon wani jirgi da dawaki biyu ke ja da sauri, sai jirgin ya tsaya cak. Ruwan da jirgin ke turawa a gabansa bai tsaya ba. Ya taru a goshin jirgin yana tafasa, sa'an nan ya rabu da shi, ya zama tudu guda ɗaya, sumul, mai kama da tozon raƙumi, ya kama hanya. Tsawonsa ya kai kamar ƙafa 30, tashinsa sama da fuskar ruwa kuwa tsakanin ƙafa ɗaya da ɗaya da rabi. Russell ya bi shi a kan doki, ya cim masa yana tafiyar mil 8 ko 9 a awa, bai sake kama ba, bai kuma rage gudu yadda za a lura ba. Sai da ya bi shi mil ɗaya ko biyu, tudun na raguwa a hankali, kafin ya ɓace masa a wata kwana.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin mamaki a nan? Duk wanda ya taɓa jefa dutse a kududdufi ya san halin igiyar ruwa. Ba ta zuwa ita kaɗai, sai a jere, tudu na bin kwari, kwari na bin tudu, kuma kafin a jima ta baje ta ɓace. In ta zo gaɓa kuma sai ta miƙe ta kife da kumfa. Wannan da Russell ya gani ba ta da 'yar rakiya, ba kwari a gabanta ko a bayanta, ba ta baje ba, ba ta kuma kife ba. Akwai wani bambancin kuma. In ɓawon gyaɗa na kan ruwa, igiya ta yau da kullum za ta ɗaga shi ta sauke shi kusan inda ta same shi. Wannan kuwa ɗaukarsa take yi ta matsar da shi gaba ta ajiye. Saboda haka ya raɗa mata sunan da ke nufin babbar igiya mai ciyar da ruwa gaba. Mu a nan za mu riƙa ce mata igiya tilo.

Dubban masu jan jirage sun ga irin wannan abu kafin shi, suka wuce abinsu. Shi da ya koma gida sai ya gina doguwar kwatarniya ta katako a lambun bayan gidansa, mai tsawon ƙafa 30, ya shiga tayar da igiya tilo da gangan, wani lokaci ta hanyar sakin wani abu mai nauyi a ƙarshen kwatarniyar, wani lokaci ta hanyar zare allon da ya tare ruwa. Ya auna, ya sake aunawa, shekara da shekaru. Ya gano cewa saurinta ya rataya ne a kan zurfin ruwan da kuma tsayin tudun: a haɗa zurfi da tsayi, a ninka da ƙarfin jan ƙasa, abin da ya fito shi ne saurin in an ninka shi da kansa. In zurfi da tsayi suka haɗu suka ba da ƙafa 5, lissafin zai ba da kimanin mil 8 da rabi a awa, wanda ya yi daidai da abin da ya gani a kan doki. Ma'anar wannan ita ce, doguwar igiya ta fi gajeruwa gudu. Ya kuma lura cewa in an zuba ruwa da yawa a lokaci guda, tudun ba ya tafiya a dunƙule, rarrabuwa yake yi ya zama igiyoyi biyu ko fiye, babbar a gaba, ƙanana na biye. Har wa yau ya ga igiyoyin na haɗuwa su ratsa juna su fito, kowace da kamarta. Ya tattara wannan duka a cikin rahoton da ya gabatar wa ƙungiyar ciyar da kimiyya gaba ta Biritaniya a taronta na birnin York a 1844.

Saɓaninsa da manyan malamai

Rahoton bai sami karɓuwar da ya zata ba. George Biddell Airy, babban masanin taurari na masarautar Ingila, wanda ya yi dogon rubutu a kan igiyoyin ruwa, ya nuna cewa Russell ya kambama abin fiye da kima, kuma lissafi bai yarda da igiyar da ke riƙe kamarta ba. A 1847 George Gabriel Stokes na Jami'ar Kambirij, wanda daga baya ya zama jigo a ilmin motsin ruwa, shi ma ya nuna shakka.

Bai kamata mu ɗauki waɗannan malamai a matsayin masu girman kai kawai ba, domin suna da hujja. Abubuwa biyu aka sani game da ruwa. Na farko, a ruwa marar zurfi ƙololuwar igiya ta fi gindinta gudu, don a ƙarƙashinta ruwan ya fi yawa. Saboda haka ƙololuwar za ta yi ta cim ma gaba, goshin igiyar ya yi ta miƙewa har ta kife. Wannan shi ne abin da Airy ya riƙe. Na biyu, kowane tudun ruwa haɗin gambiza ne na igiyoyi masu faɗi dabam-dabam, kuma masu faɗi sun fi matsattsu gudu, don haka da tafiya ta yi tafiya za su rabu, tudun ya baje. Kowanne daga cikin biyun, in aka bar shi shi kaɗai, ya isa ya kashe igiyar. Abin da ba a yi la'akari da shi ba shi ne, ɗaya matse igiyar yake yi, ɗaya kuma baza ta, to akwai wata siffa ta musamman wadda a cikinta ƙarfinsu ke zuwa ɗaya, kamar 'yan kokawa biyu da suka sarƙe aka rasa mai ka da wani. Wannan siffa ita ce igiya tilo. Russell ba shi da zurfin lissafin da zai nuna haka. Abin da yake da shi kawai shi ne awon da ya yi da hannunsa, kuma bai janye ba.

Sai a 1871 wani Bafaranshe, Joseph Boussinesq, ya fitar da siffar igiyar da lissafi, a 1876 kuma Lord Rayleigh ya yi haka a Ingila, suka tabbatar da ƙa'idar saurin da Russell ya auna. Yana da rai aka wanke shi, amma bayan shekara kusan talatin, kuma ko a lokacin an ɗauki abin a matsayin ɗan abin sha'awa ne kurum.

Landan da babban jirgi

A tsakanin waɗannan shekaru rayuwarsa ta bi wata hanya dabam. Daga binciken igiyoyi ya fitar da ra'ayi kan yadda ya kamata a fafe goshin jirgi, siriri mai ɗan rami a gefe, don ya keta ruwa ba tare da tura tudu a gabansa ba. Ya ƙera jirage bisa wannan tsari a Greenock, kuma tsarin ya yi tasiri a kan maƙeran jirage masu sauri, ko da yake gwaje-gwajen William Froude sun nuna daga baya cewa dalilan da ya kafa ra'ayin a kansu ba su inganta ba. A 1844 ya koma Landan. Ya yi aikin jarida a kan harkar jirgin ƙasa, ya zama sakataren ƙungiyar raya fasaha da sana'o'i, ya kuma kasance ɗaya daga cikin sakatarorin hukumar da ta shirya gagarumin baje kolin duniya na 1851. A 1848 ya ba da rahoton yadda sautin usur ɗin jirgin ƙasa ke sauyawa a kunnen wanda ke cikin wani jirgin mai gudu, a 1849 kuma aka zaɓe shi ɗan babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Ya kafa ma'aikatar ƙera jirage a Millwall, a bakin kogin Thames.

A nan ne hanyarsa ta gamu da ta Isambard Kingdom Brunel, injiniyan da ya fi kowa suna a Ingila a lokacin. Brunel ya yi tunanin jirgin ƙarfe wanda zai iya ɗaukar gawayin da zai kai shi Indiya ko Ostareliya ba tare da ya tsaya ƙarin makamashi ba. Wannan shi ne Great Eastern: tsawonsa ƙafa 692, an tsara shi don fasinja 4,000, yana da farfela a baya, da manyan ƙafafun tuƙi a gefe biyu, da kuma tantunan kama iska. Russell ya zana siffar gangar jikin, ya ƙera injunan ƙafafun tuƙin, ya kuma karɓi kwangilar ginin a kan farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aikin zai ci. An fara aiki a 1854.

Ba a daɗe ba zumunci ya koma gaba. Brunel mutum ne mai son a bi umurninsa har a kan ƙusa, Russell kuwa ya saba shi ne mai gida a ma'aikatarsa. Suka yi ta saɓani a kan kuɗi da yawan ƙarfen da aka yi amfani da shi. A watan Fabrairu na 1856 kuɗi suka ƙare wa Russell, aiki ya tsaya, masu bin sa bashi suka taso. Da ƙyar aka ƙarasa gangar jikin. Ran 3 ga Nuwamba, 1857, aka yi yunƙurin tura jirgin ruwa ta gefe, ya ɗan motsa ya kafe, wani leburan ya rasa ransa. Sai ran 31 ga Janairu, 1858, ya hau ruwa, bayan an kashe maƙudan kuɗi. A watan Satumba na 1859, a tafiyar gwaji, wani abu ya fashe a gindin ɗaya daga cikin bututun hayaƙinsa, ya hallaka wasu masu zuba gawayi. Kwana shida bayan haka Brunel, wanda dama yana kwance, ya mutu. Jirgin bai taɓa cin riba a jigilar fasinja ba. Babban aikin da ya yi shi ne shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1866, kuma sai a 1899 aka ƙera jirgin da ya fi shi tsawo.

Wa ke da laifi? Marubucin tarihin Brunel, L. T. C. Rolt, a littafinsa na 1957 ya ɗora wa Russell kusan dukkan laifin, ya zana shi a matsayin mayaudari mai daɗin baki. Shekara ashirin bayan haka George Emmerson ya rubuta tarihin Russell ya kare shi. Abin da na fahimta shi ne, Russell gwani ne a zane da ƙira da magana, amma hannunsa ba ya riƙe kuɗi, kuma yana da saurin ɗaukar alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Wannan aibi ne babba ga ɗan kwangila, ko da babu mugun nufi a ciki.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1860 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zana jiragen ruwa, a 1865 kuma ya wallafa wani ƙaton littafi mai juzu'i uku a kan wannan fanni. Amma matsalar kuɗi ta sake cim masa. Lokacin yaƙin basasar Amurka ya shiga tsakani wajen sayen manyan bindigogi daga kamfanin Sir William Armstrong, aka sami rikici a kan kuɗin da ya bi ta hannunsa, maganar ta kai gaban ƙungiyar injiniyoyi, ta kuma ƙare da rabuwarsa da ita a 1867. Daga nan ƙofofi da yawa suka rufe masa a Ingila. A waje ne ya ci gaba da samun aiki: ya zana jirgin fiton taragun jirgin ƙasa a tafkin Constance, tsakanin Jamus da Siwizalan, ya kuma zana babbar ƙubbar ƙarfe ta baje kolin birnin Viyana na 1873, mai faɗin mita 108. Ya yi rubutu yana kira da a kafa makarantun koyon sana'a a Ingila irin na Jamus. Ya mutu ran 8 ga watan Yuni, 1882, a garin Ventnor na tsibirin Wight, ba shi da wata dukiya.

Har ya mutu igiya tilo ba ta bar zuciyarsa ba. A 1885 aka buga littafinsa na ƙarshe, inda ya yi ƙoƙarin nuna cewa sauti a cikin iska da haske a sararin samaniya duk irin wannan igiya ce, har ya yi amfani da ƙa'idarsa ta sauri da zurfi don ya ƙiyasta kaurin iskar da ta lulluɓe duniya da girman sararin samaniya. A nan kam ya zarce gona da iri, kuma littafin bai ƙara masa daraja a idon masana ba.

Abin da ya biyo bayansa

A 1895 wani malami a Amsterdam, Diederik Korteweg, da ɗalibinsa Gustav de Vries, suka rubuta ƙa'idar lissafi guda ɗaya wadda ta haɗa abubuwan nan biyu, matsewa da bajewa, ta kuma fitar da igiyar Russell. Boussinesq ya riga su rubuta ta, amma da sunansu aka san ta, a taƙaice KdV. De Vries ya koma koyarwa a makarantar sakandare, ƙa'idar kuwa ta yi kwanciyar shekara kusan saba'in ba mai waiwayarta sosai.

Na'urar kwamfuta ce ta tashe ta. A Los Alamos ta ƙasar Amurka, Enrico Fermi da John Pasta da Stanislaw Ulam, tare da Mary Tsingou wadda ta tsara wa na'urar aikin, suka gwada lissafin jerin ƙwallaye da aka haɗa da sifirin. Sun zaci in aka kaɗa jerin, motsin zai bazu ya rikice. Maimakon haka, sai suka ga bayan wani lokaci ya koma kusan yadda ya fara. Rahotonsu ya fito a 1955, abin ya ɗaure wa kowa kai. Norman Zabusky da Martin Kruskal suka bi diddigi, suka tarar cewa ƙa'idar KdV ce ke ɓoye a ƙarƙashin jerin ƙwallayen. Da suka sa kwamfuta ta warware ta a 1965, sai ga tudu ɗaya ya rarrabu zuwa igiyoyi tilo, manya na gudu suna cim ma ƙanana, suna ratsa su, kowace ta fito da tsayinta da saurinta. Alamar karon kawai ita ce babbar ta ɗan tsallaka gaba, ƙaramar ta ɗan ja baya. Saboda suna yin karo su fito lafiya kamar ƙwayoyin zarra, sai suka raɗa musu suna soliton, mai ƙarewa irin ta elektron da furoton. Abin da Russell ya gani a kwatarniyar bayan gidansa ne ya sake bayyana, bayan shekara 130.

To, me ya hana su tarwatsewa? Neman amsar wannan tambaya ne ya haifi ilmin da muka ambata a farko. A kimiyyar fiziks akwai abubuwan da ba su ƙaruwa ba su raguwa komai motsin da aka yi, kamar yawan ruwan, da ƙarfin tunkuɗarsa, da makamashinsa. Yawancin ƙa'idoji 'yan kaɗan suke da su. Da Kruskal da abokan aikinsa a Princeton suka shiga ƙirga na KdV, sai suka sami na huɗu, na biyar, har suka kai goma, daga bisani dabarar da Robert Miura ya gano ta nuna cewa ba su da iyaka. Igiyar da aka ɗaure da sharuɗɗa marasa adadi ba ta da sararin rikicewa. A 1967 Gardner da Greene da Kruskal da Miura suka gano hanyar warware ƙa'idar baki ɗaya. Sun ɗauki siffar igiyar suka saka ta cikin ƙa'idar Schrödinger ta kimiyyar ƙwayar zarra, wadda ke fitar wa kowace siffa wasu lambobi nata na kanta, kamar yadda kowace ganga ke da sautinta. Abin mamakin shi ne, duk yadda igiyar ta sauya kama a cikin tafiya, lambobin nan ba su motsi. Sai ka ce kalangun da ake matsawa ana saki amma muryarsa ba ta sauyawa. Kowace lamba kuwa soliton ɗaya take wakilta. Wannan ya bayyana abin da Russell ya lura da shi, cewa babban tudu na rarrabuwa: yawan igiyoyin da za su fito da tsayin kowace a rubuce suke cikin siffar tudun tun farko.

A 1968 Peter Lax na Jami'ar New York ya nuna tushen wannan sirri, ya kuma nuna cewa KdV ba ita kaɗai ba ce a gidansu. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan da ba su sauyawa yana haifar da tasa ƙa'idar motsi. Ta farko mai sauƙi ce, matsar da igiya kawai take yi. Ta biyu ita ce KdV. Ta uku ta fi ta sarƙaƙiya, ta huɗu ta fi ta uku, haka har abin da ba shi da ƙarshe, kuma akwai dabarar fitar da kowace daga wadda ta gabace ta. Shi ya sa na zaɓi kalmar silsila, domin kamar silsilar malamai ce, kowane ya karɓa daga na gabansa. Wani halin nasu kuma shi ne ba su saɓa wa juna. A aikin hatsi, surfe ne ke gaba da niƙa, in aka juya an ɓata. A silsilar KdV kuwa, in aka tafiyar da igiya bisa ƙa'ida ta biyu sa'an nan ta uku, ko ta uku sa'an nan ta biyu, wuri ɗaya za a isa. Wannan jituwa ce ake nufi da warwaruwa, kuma a 1971 masanan Rasha biyu, Vladimir Zakharov da Ludvig Faddeev, suka nuna cewa ita ce dai warwaruwar da masana ƙarni na 19 suka sani a motsin abubuwa ƙididdigaggu, sai dai a nan adadin ba shi da iyaka.

Daga nan silsiloli suka yi ta bayyana. A 1970 Kadomtsev da Petviashvili sun rubuta ƙa'idar igiyoyi masu tafiya a shimfiɗaɗɗen ruwa maimakon siririn kanal, a 1981 kuma Mikio Sato na Kyoto a ƙasar Japan ya nuna cewa silsilar wannan ƙa'ida uwa ce, KdV da wasu da dama rassanta ne. A 1973 Hasegawa da Tappert suka yi hasashen cewa haske zai iya tafiya a matsayin soliton cikin siririn zaren gilashi, a 1980 aka gan shi a ɗakin gwaji. A farkon shekarun 1990 Edward Witten ya yi hasashe, Maxim Kontsevich ya tabbatar, cewa silsilar KdV ce ke tsara wasu lambobi a wani fanni na lissafin siffofi da ya danganci nazarin ƙarfin jan ƙasa, wurin da babu ko ɗigon ruwa. Haske ba igiya tilo ba ne yadda Russell ya zata, amma zatonsa cewa abin ya wuce kanal bai faɗi ƙasa banza ba.

A 1982, cikar shekara ɗari da mutuwarsa, masana sun taru a Edinbara suka gwada tayar da igiyarsa a kanal ɗin Union, ba su dace ba. Ran 12 ga watan Yuli, 1995, mahalarta wani taro na Jami'ar Heriot-Watt suka sake gwadawa a kan wata gadar ruwa da ke ɗauke da kanal ɗin a saman babbar hanyar mota, ba nisa da Hermiston, wadda aka sanya wa sunansa a ranar. Aka cika ƙaramin jirgi mai inji da mutane don ya yi nauyi, aka kora shi da gudu, aka tsayar da shi farat ɗaya. Ruwan ya taru a goshinsa, ya rabu da shi, ya kama hanya shi kaɗai a kan gadar, malamai da ɗalibai na bin sa a guje ta gefen kanal.